Jules Rimet, Ɗan Mai Kanti Wanda Ya Kafa Gasar Cin Kofin Duniya

Duk wanda ya bi tarihin wasan ƙwallon ƙafa tsakanin ƙasa da ƙasa, lalle ne ya gamu da sunan Jules Rimet, mutumin Faransa wanda ya shugabanci Ƙungiyar Wasan Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, watau FIFA, har shekara 33, daga 1921 zuwa 1954. A zamaninsa aka fara gasar cin Kofin Duniya, kuma gasa biyar na farko duka a kan idonsa aka yi su. Shi kansa bai taɓa yin suna a fagen wasa ba. Lauya ne, mutum mai natsuwa da son karatu, wanda ya ɗauki abu guda ya riƙe tun yana saurayi har tsufansa. Abin nan kuwa shi ne, wasan ƙwallo na kowa ne, da mai kuɗi da talaka, da babbar ƙasa da ƙarama, kuma mutanen da suka saba haɗuwa a filin wasa za su rage ƙin juna. Yaƙin duniya biyu da rigingimun siyasa sun gwada wannan ra'ayi nasa gwaji mai tsanani.

Asalinsa Da Ƙuruciyarsa

An haifi Jules Rimet ran 14 ga watan Oktoba, 1873, a wani ƙauye da ake kira Theuley, can gabashin Faransa, shekara biyu bayan Jamus ta ci ƙasarsu da yaƙi. Iyayensa ba masu hali ba ne. Neman abin zaman gari ya sa suka ƙaura zuwa birnin Paris, inda mahaifinsa ya riƙe ɗan kantin sayar da kayan masarufi, shi kuwa aka bar shi a ƙauye wurin kakanninsa. Sai da ya kai shekara 11 sa'an nan ya bi su. Unguwar da suka zauna, Gros-Caillou, a lokacin nan cike take da ma'aikata da leburori, saboda haka ya tashi yana ganin halin da talakan birni ke ciki. Ya dage wajen karatu har ya zama lauya.

Rimet mabiyin ɗariƙar Katolika ne mai riƙo da addininsa. Cikin 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wata shahararriyar wasiƙa a kan halin ma'aikata, inda ya yi kira a biya su lada mai kyau, a kuma kiyaye mutuncinsu. Wannan wasiƙa ta shiga zukatan samarin Katolika da yawa a Faransa, Rimet yana cikinsu. Wasu suka bi hanyar siyasa, wasu ta ƙungiyoyin ƙwadago, shi kuwa ya ga wasanni su ne hanyar da za ta haɗa ɗan attajiri da ɗan lebura wuri guda.

Cikin 1897, yana ɗan shekara 23, shi da ɗan'uwansa Modeste da wasu abokansu suka kafa kulob na wasanni a Paris, suka sa masa suna Red Star, watau Jan Tauraro. Ba a tambayar mai son shiga ko ɗan wane ne. A yau wannan ba wani abin mamaki ba ne, amma fa a zamanin nan yawancin kulob na 'ya'yan manya ne da ɗaliban manyan makarantu. Daga baya Red Star ya bunƙasa har ya ci Kofin Faransa shekara uku a jere, 1921 da 1922 da 1923.

Gardamar Biyan 'Yan Wasa

Babbar gardamar da ta raba shugabannin wasanni a wancan zamani ita ce ta kuɗi. Manyan mutane irin su Pierre de Coubertin, wanda ya farfaɗo da wasannin Olamfik cikin 1896, suna ganin wasa abin sha'awa ne kurum, bai kamata a haɗa shi da neman lada ba. Maganar tana da daɗin ji, amma illarta a kan talaka take faɗawa. Ɗan mai kuɗi yana iya barin gida wata guda ya tafi wasa ba abin da ya ragu gare shi, ma'aikacin masana'anta kuwa in ya bar aiki kwana uku an yanke masa lada, in ya daɗe a kore shi. Watau dokar hana biya ta zama shinge wanda ya tsare talakawa daga manyan wasanni. Rimet ya gane haka tun da wuri, ya goyi bayan a bar ɗan wasa ya ci abinci da ƙafarsa, muddin an yi abin a sarari bisa ƙa'ida.

Ana cikin haka, ran 21 ga watan Mayu, 1904, wakilai daga ƙasashe bakwai suka taru a Paris suka kafa FIFA. Ƙasashen su ne Faransa da Beljiyam da Denmak da Holan da Sifen da Suwidin da Suwizalan. Shugabanta na farko Robert Guérin ne, ɗan jarida mutumin Faransa, daga baya Daniel Woolfall na Ingila ya karɓa. Shi Rimet a lokacin yana fama da harkokin cikin gida, inda ƙungiyoyi dabam dabam ke jayayya a kan wanda zai riƙe wasan ƙwallo a Faransa. Cikin 1910 ya jagoranci kafa wata ƙungiya ta kulob-kulob masu wasan ƙwallo zalla. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke cikin 1914 aka ɗauke shi soja, ko da yake ya riga ya kai shekara 40, ya yi aiki har ya zama hafsa, aka ba shi lambar yabo ta yaƙi. Bayan an ƙare, cikin 1919, aka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Faransa, aka zaɓe shi shugabanta na farko. Shekara biyu bayan haka, cikin 1921, ya hau kujerar FIFA.

Ƙungiyar da ya gada kuwa saura kaɗan ta watse. Woolfall ya mutu cikin 1918, ƙasashen da ke ciki ba su wuce 20 ba, ba ta da kuɗi, kuma ƙiyayyar yaƙi ba ta huce ba. Hukumomin ƙwallo huɗu na Birtaniya, watau Ingila da Sikotilan da Wales da Ailan, sun fice domin ba su yarda su yi wasa da Jamus da Ostiriya da Hangare ba. Sun komo cikin 1924, amma cikin 1928 suka sake fita saboda gardamar biyan 'yan wasa diyyar ladan aikin da suka rasa. Wannan ba ƙaramar hasara ba ce, gama a Ingila aka tsara dokokin wasan cikin 1863, kuma a idon mutane da yawa ƙungiyar ƙwallo ta duniya ba Ingila kamar miya ce ba gishiri. Rimet bai yi zuciya ba, bai kuma rufe ƙofa ba.

Yadda Aka Kafa Gasar

Abin da ya ƙarfafa masa gwiwa shi ne wasannin Olamfik na 1924 a Paris. Wata 'yar ƙaramar ƙasa ta Amurka ta Kudu, Yurugai, wadda Turawa da yawa ba su san ko ina take ba, ta zo ta lallasa kowa, ta ci Suwizalan 3 da 0 a wasan ƙarshe. Cikin 1928 a Amsterdam ta sake ɗaukar lambar zinariya bayan ta ci maƙwabciyarta Ajantina. Jama'a suka yi ta cika filaye, ta tabbata cewa ƙwallon ƙafa yana iya tara mutane shi kaɗai. Ban da haka, ƙasashe irin su Ostiriya da Cekoslobakiya da Hangare sun riga sun fara biyan 'yan wasansu a sarari, saboda haka dokar Olamfik ta hana gwanayensu shiga. Rimet da abokin aikinsa Henri Delaunay, sakataren hukumar Faransa, suka ce lokaci ya yi da FIFA za ta shirya gasarta, wadda kowane ɗan wasa zai iya shiga, ko ana biyansa ko ba a biyansa. Babban taron FIFA da aka yi a Amsterdam cikin watan Mayu, 1928, ya amince da wannan shawara.

Shekarar da ta biyo, a taron Barcelona, aka ba Yurugai karɓar baƙuncin gasar farko. Dalilai uku ne suka sa. Ita ce zakara a Olamfik sau biyu, tana shirin bikin cika shekara 100 da kafa tsarin mulkinta na 1830, kuma ta yi alkawarin biyan kuɗin jirgi da masauki na dukan baƙi, da gina sabon filin wasa a Montevideo, babban birninta. Aka ba wani gwanin sassaƙa na Faransa, Abel Lafleur, aikin ƙera kofi. Ya yi shi da azurfa aka shafe da zinariya, siffar mace mai fukafukai wadda Girkawan dā suka ɗauka alamar nasara, tsawonsa santimita 35, nauyinsa ya kusa kilo 4.

Amma fa yanke shawara a ɗakin taro dabam, cika ta dabam. Tattalin arzikin duniya ya karye a ƙarshen 1929, tafiya zuwa Yurugai kuwa mako biyu ce a jirgin ruwa, komowa ma haka, kuma masu kulob a Turai suka ƙi sakin 'yan wasansu har wata biyu. Saura kimanin wata biyu a fara, ba ƙasar Turai ko ɗaya da ta ce za ta je. Mutanen Amurka ta Kudu suka fusata, har ana jin tsoron FIFA za ta rabe biyu. Rimet ya shiga bin mutane yana lallashi, ya fara da nasa na gida. A ƙarshe ƙasashe huɗu suka yarda, Faransa da Beljiyam da Romaniya da Yugoslabiya. Uku na farkon suka shiga wani jirgin Italiya mai suna Conte Verde tare da Rimet, kofin yana cikin kayansa, suka biya ta Rio de Janeiro suka ɗauki 'yan wasan Barazil. A saman jirgi 'yan wasa suka riƙa motsa jiki har aka isa.

Ƙasashe 13 suka yi gasar. Ran 13 ga watan Yuli, 1930, Lucien Laurent na Faransa ya jefa ƙwallon farko a tarihin Kofin Duniya, a ragar Meziko. Ran 30 ga watan aka yi wasan ƙarshe a sabon filin Centenario tsakanin Yurugai da Ajantina. Don tsananin gaba, ko ƙwallon da za a buga sai da aka yi gardama a kansa, aka sasanta da cewa a yi rabin farko da na Ajantina, rabi na biyu da na Yurugai. Aka tafi hutu Ajantina tana gaba da ci 2 da 1, aka tashi Yurugai ta yi nasara da ci 4 da 2. Kashegari gwamnati ta ba da hutu a ƙasar duka.

Siyasa Ta Shigo Fili

Gasa ta biyu, ta 1934, an ba Italiya, inda Benito Mussolini ke mulkin kama-karya. A wannan karo aka fara wasannin share fage, ƙasashe 16 suka kai ga gasar. Cikinsu har da Masar, wadda ta shiga FIFA tun 1923, ita ce kuwa ƙasar Afirka ta farko da ta buga Kofin Duniya. Hangare ta fitar da ita da ci 4 da 2 a birnin Naples, Abdurrahman Fawzi ne ya ci wa Masar duka biyun. Yurugai mai riƙe da kofi ta ƙi zuwa, don ta rama abin da Turawa suka yi mata. Italiya ta ci Cekoslobakiya 2 da 1 a wasan ƙarshe a birnin Rum.

Wannan gasa ita ce tabon da masu tarihi suka fi ɗora wa Rimet. Mussolini ya mai da ita dandalin tallar mulkinsa, 'yan wasan Italiya suna ɗaga masa hannu irin gaisuwar jam'iyyarsa, shugaban FIFA kuwa yana zaune a rumfar manyan baƙi. Matsayin Rimet shi ne FIFA ba ruwanta da irin gwamnatin da ke mulkin wata ƙasa, da hukumar ƙwallo take hulɗa. Wannan matsayi ya hana ƙungiyar watsewa a zamanin da Turai ke rarrabuwa, amma kuma ya buɗe wa azzaluman shugabanni ƙofar yin ado da wasa. Gardamar ba ta mutu ba. An sake tayar da ita cikin 1978, sa'ad da aka yi gasar a Ajantina ƙarƙashin mulkin soja.

Cikin 1938 gasar ta zo ƙasarsa, Faransa, har jikansa, ƙaramin yaro, shi ya zaro ƙuri'ar haɗa ƙasashe. Amma hadarin yaƙi ya riga ya haɗu. Sifen tana cikin yaƙin basasa. Ostiriya, wadda ta sami shiga, Hitila ya haɗiye ta cikin watan Maris, saboda haka ƙasashe 15 suka rage. Ajantina da Yurugai suka ƙi zuwa domin an yi gasar a Turai sau biyu a jere. Duk da haka aka sami baƙi daga nesa, irin su Kuba, da ƙasar da ake kira Indunisiya a yau, wadda a lokacin take hannun Holan, ita ce ta farko daga Asiya. Italiya ta sake ɗaukar kofin bayan ta ci Hangare 4 da 2.

Daga nan sai Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi shekara 12 ba gasa. Abin da ya taimaki FIFA shi ne tun 1932 an mai da hedkwatarta birnin Zurich na Suwizalan, ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba. Kofin kuwa yana Italiya, inda wani jami'in ƙwallo, Ottorino Barassi, ya ɓoye shi cikin kwalin takalmi a ƙarƙashin gadonsa don kada sojan Jamus su ɗauke. A gida, Rimet ya sauka daga shugabancin hukumar Faransa cikin 1942, a zamanin gwamnatin Vichy wadda ta miƙa wuya ga Jamus, wadda kuma take ƙin wasan kuɗi, bai koma ba sai da aka 'yantar da ƙasar cikin 1944.

Bayan Yaƙi

Cikin 1946 aka yi babban taro a Luxembourg. A nan haƙurin Rimet ya biya shi, hukumomin Birtaniya huɗu suka komo FIFA bayan shekara 18. A taron ne kuma aka sa wa kofin sunansa, don tunawa da shekara 25 da ya yi yana shugabanci. Baitulmalin ƙungiyar ya bushe, sai aka shirya wasa cikin 1947 a Glasgow tsakanin Birtaniya da zaɓaɓɓun sauran Turai, Birtaniya ta ci 6 da 1, kuɗin ƙofa ya shiga aljihun FIFA. Son sulhu irin nasa bai yi wa kowa daɗi ba. Cikin 1949 ya goyi bayan a karɓi wani kulob na yankin Saar, wanda mutanensa Jamusawa ne, cikin hukumar Faransa. Kulob-kulob na Faransa suka ƙi, ya bar kujerar da ya fara hawa shekara 30 da suka wuce.

Gasar 1950 a Barazil aka yi ta, ita ma da ƙasashe 13. Ingila ta shiga karo na farko, Amurka kuwa ta ba ta kunya da ci 1 da 0 a Belo Horizonte. Amma abin da duniya ba ta manta ba shi ne na ran 16 ga watan Yuli a filin Maracanã na Rio, inda mutum kusan 200,000 suka taru. Bisa tsarin shekarar, ko kunnen doki Barazil ta yi da Yurugai ta ɗauki kofi. Rimet ya riga ya shirya jawabin taya Barazil murna. Barazil ta fara ci, Schiaffino ya farke, sai Rimet ya sauko daga rumfa ya bi ta hanyar ƙarƙashin fili don ya shirya miƙa kofi. Kafin ya fito Ghiggia ya ƙara na biyu. Ya tarar fili ya yi tsit, ba masu busa, ba jerin gwano. Cikin turmutsutsu ya nemo kyaftin na Yurugai, Obdulio Varela, ya miƙa masa kofin, jawabin kuwa ya kwana a aljihu.

Gasarsa ta ƙarshe ita ce ta 1954 a Suwizalan, wadda aka fara nunawa a talabijin. Hangare, ƙarƙashin Ferenc Puskás, ta yi shekara huɗu ba a ci ta ba, har ta lallasa Jamus ta Yamma 8 da 3 a zagayen farko. Suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a birnin Bern ran 4 ga watan Yuli, Hangare ta fara jefa biyu, amma aka tashi Jamus tana da 3, Hangare 2. Tsohon sojan Faransa, yana da shekara 80, shi ya miƙa wa Fritz Walter, kyaftin na Jamus, kofin, shekara tara kacal bayan ƙarshen yaƙi. A shekarar nan ya sauka, Rodolphe Seeldrayers na Beljiyam ya gaje shi, ƙasashen FIFA kuwa sun kai 85.

Rasuwarsa Da Abin Da Ya Bari

Jules Rimet ya mutu a Suresnes, kusa da Paris, a tsakiyar watan Oktoba, 1956, bai daɗe da cika shekara 83 ba. Akwai abin da hangensa bai kai ba. Ba ya son a rarraba FIFA nahiya nahiya, yana tsoron kada haka ya tsaga ta. Amma yawancin Afirka da wani sashe na Asiya a lokacin suna hannun 'yan mulkin mallaka, kuma da suka sami 'yanci, ta hanyar ƙungiyoyin nahiya suka ƙwaci haƙƙinsu. Wata huɗu bayan mutuwarsa, cikin watan Fabrairu, 1957, aka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka a Khartoum. Ƙasashen Afirka suka ƙaurace wa gasar 1966 domin ba a ware musu gurbi ko ɗaya ba, kuma hakan ya sa aka ba su daga 1970. Nijeriya ta fara zuwa cikin 1994, Afirka ta Kudu ta karɓi baƙunci cikin 2010, Maroko ta kai wasan kusa da na ƙarshe cikin 2022.

Kofin da ke ɗauke da sunansa bai yi ƙarko kamar gasar ba. An sace shi a Landan cikin watan Maris, 1966, wani kare mai suna Pickles ya gano shi bayan mako guda, an naɗe shi da jarida. Cikin 1970 Barazil ta ci gasar karo na uku, aka bar mata shi dungum kamar yadda ƙa'ida ta tanada, aka ƙera sabo wanda aka fara bayarwa cikin 1974. Cikin watan Disamba, 1983, ɓarayi suka fasa ofishin hukumar ƙwallo ta Barazil a Rio suka ɗauke tsohon, har yau ba a sake ganinsa ba.

Yaƙi bai ƙare a duniya ba saboda ƙwallo, kuma masu mulki da masu kuɗi ba su daina amfani da wasan don biyan bukatunsu ba. A nan Rimet ya sa rai fiye da kima. Amma a ɗaya gefen, abin da ya fara a Red Star ya tabbata. Pelé, wanda ya ɗaga kofin sau uku, a 1958 da 1962 da 1970, ya taso ne yana goge takalma a Barazil, kuma da an bi dokar hana biya, da wuya irinsa su taka babban fili. Ƙungiyar da Rimet ya karɓa da ƙasashen da ba su wuce 20 ba yanzu tana da hukumomi 211, gasar da aka fara da ƙasashe 13 kuwa an faɗaɗa ta zuwa 48 daga 2026.